Tsohuwar gitar bas da sabon ƙarfe: a ina asali yake zaune?

Gitar bas da aka ƙera a shekarar 1962 ta haura shekara 60 a duniya. Idan ta yi irin rayuwar da ake so kayan kiɗa su yi, wato ta sha hannu da gumi da tafiye-tafiye, to babu makawa yau tana ɗauke da ciwo iri-iri. Ƴan siraran ƙarafan da aka gitta a wuyanta sun cinye, fentin bayanta ya goge har itace ya bayyana, maɓallin ƙara murya yana shaƙewa, wataƙila ma ɗaya daga cikin mikro ɗinta ya yi shiru gaba ɗaya. Wanda irin wannan gitar ta faɗo hannunsa, ta gado ko ta ciniki, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya dage sai kayan asali, ya bi duniya yana neman ƙarfen da aka ƙera a shekarar da aka ƙera ta, ko da za ta yi shekaru a jingine da bango. Ko kuwa ya sa mata sabbin kayan gyara, ta koma bakin aiki mako mai zuwa.

A kallon farko wannan magana ce ta masu sana'a, wadda ya kamata a bar wa mai gyara da mai kaya su ƙare tsakaninsu. Amma duk wanda ya saurari gardamar da ake yi a kanta zai ji ana ambaton kalmomin da suka fi ƙarfin teburin gyara: asali, gaskiya, amana, ha'inci. Tambaya biyu ce a lulluɓe a ciki. Ta farko, mene ne yake sa abu ya ci gaba da zama shi kansa bayan an sauya sassansa? Ta biyu, wane hakki ne ke wuyan mutumin da tsohon abu ya zo hannunsa, kuma hakkin wane ne? Ba a iya amsa ta biyu sai an bi ta kan ta farko.

Niyyar wanda ya ƙera ta

Kafin a yi gardama a kan asalin abu, yana da kyau a san yadda aka yi shi. Har zuwa farkon shekarun 1950, makaɗin da ke riƙe da kakkaurar murya a ƙungiyoyin kiɗa na Amurka yana fama ne da kontirabas, wani ƙaton goge mai tsayin mutum, mai wuyar ɗauka, wanda ƙarar ganguna da ƙahoni ke danne muryarsa. A 1951 Leo Fender, a garin Fullerton na jihar Kaliforniya, ya fitar da Precision Bass, gitar lantarki mai tsarkiya 4, wadda ake ratayawa a kafaɗa a haɗa ta da amfili. Ita ce bas ta lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa. A 1960 ya ƙara da ƙanwarta, Jazz Bass, mai siririn wuya da mikro biyu.

Fender bai iya kaɗa gitar ba. Mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya zuba a cikin ƙirarsa. A al'adar masu sassaƙa goge da gitar na Turai, manne wuya ake yi da gangar jiki, ta yadda raba su sai gwani. Shi kuwa ya ɗaure wuyan da ƙusoshi 4 masu murɗi, ya jera kayan lantarkin a inda hannu zai kai gare su cikin sauƙi, domin idan wani sashe ya lalace a kwance shi a sa wani. A masana'antarsa ma haka ake harhaɗawa: a ɗauko wuya daga wannan tari, gangar jiki daga wancan. Shi ya sa sau da yawa kwanan watan da ke rubuce a gindin wuya yakan sha bamban da na jikin da makonni ko watanni.

A watan Janairu na 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dalar Amurka miliyan 13. Aka faɗaɗa aiki, aka sauya wasu kaya, kafin ƙarshen shekarun 1960 aka koma wani fenti mai kauri. Makaɗa suka fara cewa na da sun fi, ƴan kasuwa suka ji, "kafin CBS" ta zama tambarin daraja. Yau mai sayen irin wannan bas yakan sa a kwance wuyan ya karanta kwanan wata, ya duba lambobin da ke jikin maɓallan murya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera su, har ya ƙura wa ɗigon dalmar da aka liƙe wayoyi da ita ido, ya ga ko wani ya taɓa narka ta. Dillalai sun saba cewa sake fenti kaɗai yakan zubar da kusan rabin kuɗin gitar. Ta haka ne kayan da aka tsara musamman domin a riƙa sauya masa sassa ya zama kayan da ake tsoron a kwance masa ƙusa ɗaya.

Hujjar masu cewa a bar ta yadda take

Yana da sauƙi a ce duk wannan son kuɗi ne da alfahari, amma yin haka rashin adalci ne, domin masu wannan ra'ayi suna da hujjoji masu nauyi.

Ta farko, tsohuwar gitar shaida ce. Mikro, wato abin da ke ɗaukar rawar tsarkiya ya mayar da ita lantarki, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye dubbai. Duk mai son sanin yadda ake wannan naɗi a Fullerton a 1962, da irin wayar, da yawan zagayen, ba shi da littafin da ya fi mikron da ba a taɓa ba. Idan wayar ta katse a ciki aka warware aka sake naɗi, murya za ta dawo, amma shaidar ta tafi ke nan.

Ta biyu, akwai abin da ba ya mayuwa. Allon da yatsu ke dannawa a wuyan bas na farkon shekarun 1960 an yi shi ne da wani itace mai duhu na dazuzzukan Birazil, wanda aka yi ta sara har ya kusa ƙarewa. Tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa shi a jerin itatuwan da aka fi tsananta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mai gyaran da ya kankare wannan allo fiye da kima domin ya daidaita shi ya ci bashin da ba zai iya biya ba. A shekarun 1970, lokacin da waɗannan bas ɗin ba su wuce tsofaffin kaya masu araha ba, an kankare fentin da yawa daga cikinsu, an huda jikinsu an ƙara mikro, duk da sunan ingantawa. Garin neman gira aka rasa ido.

Ta uku ita ce sawun hannu. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a mafi yawan shahararrun faya-fayan kamfanin Motown na birnin Detroit a shekarun 1960, da Precision ta 1962 yake aiki. An san shi da ƙin sauya tsarkiya sai in ta tsinke, da ƙin goge dauɗar da ta taru a allon wuya, domin yana ganin wani ɓangare na daɗin muryar a nan yake. An sace wannan bas jim kaɗan kafin rasuwarsa a 1983, kuma ba a sake ganin ta ba. Da za ta bayyana gobe, wane mai hankali ne zai ɗauko tsumma da sabbin tsarkiyoyi? Dauɗar da za a goge ita ce abin da ya rage na hannun mutumin.

Sai dai idan aka bi wannan ra'ayi har ƙarshensa, inda yake kaiwa shi ne shiru. Bas da ƙarafan wuyanta suka cinye ba ta fitar da murya mai tsabta, wadda mikronta ya mutu kuwa ba ta fitar da komai. Mai ita zai iya rantsuwa cewa kowace ƙusa ta asali ce, amma abin da aka ƙera ta dominsa ya bar ta. Hujjar cewa tsohon kaya ne kaɗai ke da kyakkyawar murya ma tana da rauni. A gwaje-gwajen da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2012 da 2014, inda aka hana ƙwararrun masu goge ganin abin da suke kaɗawa, sun kasa bambance tsofaffin gogen Italiya da sababbi ta hanyar da za a dogara da ita, da yawansu ma sabon suka zaɓa. Sau da yawa abin da kunne ke ji, ido ne ya riga ya faɗa masa.

Jirgin Thésée a shagon dillali

Tsohon marubucin Girka Plutarque ya kawo labarin jirgin ruwan Thésée, wanda mutanen Atina suka adana tsawon ƙarnoni: duk katakon da ya ruɓe sai su cire shi su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa wani ne daban. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa tambayar wuya. Ya ce a ɗauka wani mutum yana tattara tsofaffin katakan da ake cirewa, daga baya ya harhaɗa su ya yi jirgi. Yanzu jirage biyu ne a bakin ruwa, ɗaya yana da suna da ci gaban aiki, ɗaya yana da katakan farko. Wanne ne na Thésée?

Abin da Hobbes ya ƙago domin gwada hankali, ƙusoshin nan 4 na Fender sun mayar da shi ciniki na yau da kullum. Ana iya ɗaukar bas ɗaya ta 1962 a raba ta: wuyanta a ɗora wa sabon jiki, jikinta a ɗora masa sabon wuya, a samu bas biyu kowace tana da abin da za ta nuna. Ana kuma iya yin akasin haka, a sayo wuyan 1962 daga wannan gari, jiki daga wancan, mikro daga wata ƙasa, a haɗa. Kowane sashe na gaske ne, babu na jabu ko ɗaya, amma wannan gitar ba ta taɓa fita daga masana'antar Fullerton ba, babu makaɗin da ya taɓa rataya ta, ba ta da jiya. A ajiye ta kusa da wata bas da ta yi shekara 60 a hannun mutum ɗaya, wadda aka sake wa ƙarafan wuya sau uku, aka sauya maɓalli, aka sake naɗin mikro. In lissafin ƙarfe za a bi, ta farko ta fi asali. Amma zuciya ba ta yarda da wannan lissafi, kuma tana da dalili: ta biyu abu ɗaya ne da ya rayu, ta farko taron baƙi ne da aka haɗa jiya.

Wannan ya nuna cewa shekarun sassa kaɗai ba su isa su ba abu asali ba. Akwai wani abin da ke riƙe da shi, kuma tarihin wasu sanannun kayan kiɗa ya fi kowace muhawara bayyana shi.

Raunin da ya zama suna

Babu bas da ta fi ta Jaco Pastorius suna a tarihin kiɗan jaz. Jazz Bass ce ta 1962, kuma in da ma'aunin dillalai za a auna ta, ɓatacciya ce tun farko. An cire ƙarafan wuyanta gaba ɗaya, aka cike guraben, aka shafe allon da wani gam mai tauri irin wanda ake shafa wa jiragen ruwa. Daga wannan ɓarna ce muryar nan mai zamewa kamar ta ɗan Adam ta fito, wadda duniya ta ji a lokacin da yake ƙungiyar Weather Report, kuma ta sauya tunanin makaɗa game da abin da bas za ta iya. A tsakiyar shekarun 1980 gitar ta farfashe. Masu gyara biyu, Kevin Kaufman da Jim Hamilton, suka manne gutsattsarin, suka lulluɓe gaba da bayanta da sabon siririn katako. A 1986 aka sace ta a birnin Niyok, shi kuwa ya rasu a 1987. Bayan kimanin shekara 20 ta bayyana a wani shagon kayan kiɗa, aka yi ta shari'a, har Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya shiga tsakani a 2010 ya taimaki iyalinsa aka karɓo ta.

To, idan aka ce a mayar da wannan bas asalinta, wane asali ake nufi? Idan na 1962 ne, sai a mayar mata da ƙarafan wuya, a kankare gam ɗin, a samu Jazz Bass irin dubban da aka ƙera, a kashe ta Jaco. Abin da ya sa take da daraja shi ne ainihin abin da aka sauya mata.

Haka labarin Höfner ɗin Paul McCartney yake, wadda ya saya a Hamburg a 1961 a kan fam 30. A 1964 an sake mata fenti, an kuma sake wa mikronta mazauni. Aka sace ta daga cikin mota a Landan a 1972, sai a watan Fabrairu na 2024 aka tabbatar ta dawo hannunsa, kuma a Disamba na wannan shekarar ya hau dandali da ita. Gyaran 1964 bai sa kowa ya ce ba ita ba ce. Yana ma cikin alamun da aka gane ta da su. Kuma gogen Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, kusan duk waɗanda suka rage an tsawaita wuyansu ko an sauya shi a ƙarni na 19 domin su iya da kiɗan zamanin. Da ba a yi haka ba, da ba a jin su a manyan zaurukan kiɗa yau.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, kayan kiɗa yana da haihuwa, yana kuma da rayuwa. Mai cewa sai an mayar da shi ranar haihuwarsa ya zaɓi yini ɗaya ya jefar da shekaru 60. Asalin abu ya haɗa da duk abin da ya same shi a hanya, muddin hanyar ba ta yanke ba, kuma an san yadda ta bi.

Fatar ganga da yaɓen hasumiya

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Fatar kalangu takan fashe a ɗaura wata, tsarkiyarsa takan tsinke a sake, amma makaɗin zai ce maka kalangun ubansa ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa jin an ce tambarin fada ya daina zama tambarin fada don an ɗaura masa sabuwar fata ba. Kowa ya san akwai sashen da aka yi domin ya ƙare a bakin aiki, akwai kuma icen da ke ɗauke da suna. Tsarkiyar bas da ƙarafan wuyanta da maɓallanta dangin fata ne. Gangar jiki da wuya da sawun hannun da ke kansu dangin ice ne. Mikro yana tsakani, shi ya sa a kansa aka fi yin gardama.

Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, an gina ta da ƙasa a 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma tun daga nan ana yi mata yaɓe duk lokacin da ruwa da iska suka ci jikinta. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakan masu yaɓe. Wato maginin ya san gininsa zai nemi gyara, ya kuma tanadi hanyar gyaran a cikin ginin kansa, kamar yadda Fender ya yi da ƙusoshinsa. Ƙasar da ido ke gani a jikin hasumiyar yau ba ta 1515 ba ce, amma wannan bai hana UNESCO sa tsohon birnin Agadas a jerin kayan tarihi na duniya a 2013 ba. Tun a 1994, a taron Nara na ƙasar Japan, masana adana kayan tarihi suka amince cewa ba a auna asali da ma'auni ɗaya a ko'ina, kowace al'ada da abin da take ɗauka shi ne jigon abu.

Amma yaɓe yana da sharaɗi. Ginin ƙasa da ƙasa ake yaɓe shi. Wanda ya shafe shi da siminti don ya huta da gyara ya toshe masa numfashi, danshi ya taru a ciki, bangon ya ruɓe ta ƙarƙashi. Ashe ba kowane sabon kaya ne gyara ba. Sabon da ya bi halin tsohon, ya yi aikinsa, ya zauna a gurbinsa ba tare da an fasa komai ba, shi ne yaɓe. Wanda sai an huda jikin gitar an faɗaɗa rami kafin ya shiga, shi ne siminti.

Hakki uku

Daga nan ana iya komawa tambaya ta biyu. Mutumin da tsohuwar bas ta zo hannunsa ba shi ne na farko ba, kuma in ya yi abin da ya dace, ba shi ne na ƙarshe ba. Ajiya ce ta ratsa ta wurinsa, ko da ya biya ta da kuɗinsa. Hakki uku ne a wuyansa.

Na farko hakkin gitar ne da na wanda ya ƙera ta, wato ta yi murya. Idan ƙarafan wuya sun cinye a sake su da masu irin kaurinsu. Idan maɓalli ya shaƙe a fara da wanke shi, in ya ƙi a sauya. Idan an samu sashe na zamaninta mai lafiya a kan kuɗin da hankali zai ɗauka, madalla. In ba a samu ba, sabo mai kyau ya fi tsohon da ba ya aiki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu hakkin na baya ne, waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wataƙila su fi mu sani, su fi mu kayan aiki, su ga kuskure a abin da muke ganin gwaninta. Don haka a yi mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kuma a yi shi ta yadda za a iya warwarewa. Kwance ƙusa abu ne da ake komawa baya daga gare shi. Huda itace da kankare fenti ba a komawa. Sashen da aka cire kuwa kada a jefar, a ƙulle shi a ajiye tare da gitar, domin shi ma shaida ne.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, hakkin gaskiya ne. Yarjejeniyar Venise ta 1964 a kan gyaran gine-ginen tarihi ta shimfiɗa ƙa'ida mai sauƙi: sabon sashe ya dace da sauran, amma ya kasance ana iya gane shi, domin kada gyara ya zama ƙarya a kan tarihi. A 1995 kamfanin Fender da kansa ya fara sayar da sabbin gitar da aka tsufar da gangan, da ƙwarzane da tsatsa da gogaggen fenti. Mutum na iya murmushi ga wanda ke biyan kuɗi ya sayi gumin da bai yi ba, amma babu ha'inci a ciki, tunda mai saye ya san abin da ya saya. Ɗauki wannan sana'a ɗaya, hannu ɗaya, tsatsa ɗaya, a sa wa sabon maɓalli a liƙa shi a tsohuwar bas a yi shiru, to an shiga algus. Ƙarfen bai sauya ba, abin da aka faɗa a kansa ne ya sauya. Kama da wane ba wane ba ce, kuma laifin yana farawa ne daga lokacin da aka bar mai saye ya zaci wane ɗin ne.

Iyakar wannan ra'ayi

Akwai ƴan kayan da ya dace a yi musu uzuri daga hakki na farko. Gogen Stradivari na 1716 da ake kira Messiah yana ajiye a gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, ba a kaɗa shi, domin ƙarnoni masu zuwa su ga yadda aikin maƙerin yake kafin hannaye su cinye shi. Ya kamata a ce akwai ƴan bas na Fullerton da aka ajiye haka, kuma ta Jamerson, in ta bayyana, tana cikinsu. Amma waɗannan ƙalilan ne, kuma shirunsu hidima yake yi wa jama'a. Ya bambanta da shirun gitar da aka kulle a ɗakin mai kuɗi ana jiran farashinta ya hau.

A ɗaya gefen kuma akwai makaɗin da ke da wasan biki ranar Asabar a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, wanda tsohuwar bas ɗinsa ita ce gonarsa, kuma babu shagon da zai samu kayan 1962 ko da yana da kuɗinsu. Idan mai gyaran rediyo na unguwa ya ciro maɓalli daga wani mataccen amfili ya liƙa masa, babu abin kunya a nan. Mai gyaran rediyo ne ya ƙirƙiro ta tun farko, kuma domin irin wannan rana ya tsara ta. Wannan makaɗi ya fi kusa da niyyar Leo Fender a kan wanda ke kirga ɗigon dalma. Abin da ake nema daga gare shi kaɗan ne: kada ya fasa abin da ba ya gyaruwa, kuma ranar da zai sayar ko ya bar wa ɗansa, ya faɗi abin da aka yi.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai in an san zumar ce da gaske. Asalin tsohuwar gitar yana zaune ne a cikin wannan sani: igiyar da ta haɗa maƙeri da makaɗi da mai gyara da mai gado, kowa ya karɓa ya san abin da ya karɓa, ya miƙa ya faɗi abin da ya ƙara. Sabon ƙarfe ba ya tsinka wannan igiya, ƙarya ce ke tsinka ta. Saboda haka mai gyaran kirki, bayan ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya gwada murya, yana da sauran aiki ɗaya: ya zuba tsofaffin sassan da ya cire a ƴar jaka, ya rubuta a takarda abin da ya sauya da ranar da ya sauya shi, ya sa su a cikin akwatin gitar, domin wanda zai buɗe shi bayan shekara 40 ya tarar da labarin a cike.